Sai-ta-ɓaci da Ƙwayarsa ta Gaggawa

Uwarsa ce ta laƙaba masa sunan tun yana ɗan makaranta, kuma cikin duk abin da ta ba shi a duniya babu wanda ya zauna masa daram kamar wannan. Yaro ne da ba ya neman takalmi sai an kaɗa ƙararrawa, ba ya buɗe littafi sai ranar jarrabawa, ba ya cewa haƙori na ciwo sai kumatu ya kumbura ya rufe masa ido. Sau ɗaya ta kira shi Sai-ta-ɓaci cikin fushi, ƙannensa suka ɗauka, unguwa ta karɓa. Da ya girma ya ajiye gemu, ya so a koma kiransa Injiniya, har ya sa aka rubuta masa haka da jan fenti a allon shagonsa. Allon kaɗai ya amsa.

Sana'arsa gyaran firji da fanka. Shagon wani lungu ne a ƙarƙashin matakalar wani bene da ke bakin titi, cike da tsofaffin firji waɗanda masu su suka gaji da zarya suka sallama masa. Hannunsa ba laifi in ya ga dama, ganin damar ce wahala. Za a kawo masa aiki ya ce a dawo jibi, jibi ya ce an ɗauke wuta, gata ya ce kayan gyara sun yanke a kasuwa. Sai mai kaya ya zo yana kumfar baki sannan zai tuɓe riga ya gama aikin nan take, ya kuma tsaya yana jiran a yaba masa sauri. Abu ɗaya ne bai taɓa jinkirtawa ba, shi ne magana. Akwai wani dogon benci a ƙofar shagon, nan yake wuni yana warware wa duniya matsalolinta, daga siyasa zuwa ciwon suga, kuma babu cutar da bai san maganinta ba.

Matarsa tela ce. Tana aiki a wani babban ɗakin ɗinki da ake ɗinka kayan 'yan makaranta, mata da yawa a jere kowacce da kekenta. Bakin nan nasa ta aura, ba ta musu. Lokacin da yake nemanta, in ya fara tsara mata yadda gidansu zai kasance, har ƙamshin fentin ɗakin take ji. Yayarta ta ja mata kunne, ta ce mutumin da ya zo gaida iyayenki mai ya ƙare masa a hanya har sau biyu, ki dube shi da kyau. Ba ta duba ba. Dokin mai baki ya fi gudu, kafin ta waiga ya kai ta gida: ɗaki biyu a wani gidan haya, da famfon da ke ɗiga tun ranar da suka tare.

Haihuwar fari ta zo da sauƙi, 'ya mace. Ta biyu ce ta kusa tafiya da ita. Naƙuda ta taso tun da hantsi, ta aika a kira shi, ya aiko cewa yana zuwa. Da ya zo ya leƙa, ya ce ai da saura, a bari a ga abin da hali zai yi. Maƙwabciyarsu ce ta tare mota ta kai ta asibiti. Aka yi mata aiki aka ciro 'yan biyu maza. Shi kuwa ya iso an riga an gama, yana tambayar ma'aikata dalilin da ya sa ba a jira shi ba.

Ranar sallama likitar ta zaunar da su su biyu. Mace ce marar yawan magana. Ta ce ɗinkin mahaifa yana bukatar hutu, kada a sake ɗaukar ciki sai bayan shekara biyu ko fiye, su bi ta ɗakin tsarin iyali kafin su tafi a nuna musu hanyoyin da ake da su. Sai-ta-ɓaci ya dinga gyaɗa kai kamar ƙadangare, har yana ƙarasa wa likitar magana. Suna fita ya kama hanyar ƙofa. Da matar ta tuna masa, ya ce layin ya yi tsawo, su dawo wani makon.

Wani makon bai zo ba, don kafin nan ya kai maganar benci, kuma a benci akwai Direba. Direba amininsa ne, mai tuƙa bas, ƙato mai murya kamar ana jan ganga a kan siminti. Shi ya koya masa cewa allura tana busar da mahaifa, abin da ake sa wa mata a damtse yana yawo a jiki har ya kai zuciya, ƙwayar kullum kuma tana sa mace ƙiba da raina miji. Ya ƙara da cewa duk namijin da aka ga matarsa a wancan layin, ya yi wa gari shela ne cewa ya kasa ciyarwa. Sai-ta-ɓaci ya kwaso duk wannan ya kawo gida a matsayin bincikensa. Da Maman 'yan biyu, kamar yadda aka koma kiranta, ta ce to shi ya yi amfani da kwaroron roba mana, ya yi dariya ya ce shi ba yaro ba ne da zai sha alawa da ledarta. Ta ce to su haƙura da juna har lokacin ya cika. Ya ce wannan kuma zalunci ne.

Watannin farko shayarwa ta rufa musu asiri. Da yaran suka fara cin abinci, al'adarta ta dawo, ta sake tayar da maganar. Ya ce ta kwantar da hankalinta, ya samo mafita irin ta masu ilimi.

Mafitar wata ƙwaya ce guda ɗaya da ake sha bayan an riga an sadu. Ƙwayar gaggawa ake ce mata, an yi ta ne don ranar da aka yi kuskure ko tsautsayi ya faɗa. Shi kuwa da ya ji labarinta sai ya ga kamar don shi aka ƙera ta. Ga magani da ba ya bukatar shiri, ba layi, ba kati, ba zuwa a ji kunya gaban nas, sai abu ya faru sannan a nema. Ba ya saye a kemis ɗin unguwarsu, don mai kemis ɗin yana zama a bencinsa. Bas yake hawa ya tafi can wata unguwa, ya ja hula ta rufe goshi, ya ce wani abokinsa ne ya aiko shi. Kafin ya iso gida ya yage kwalin, ya jefar da shi tare da takardar bayanin da ke ciki, don kada uwarsa ko babbar 'yarsu gani. Sai ya miƙo mata ƙwayar a ƙunshe cikin guntun jarida, yana wani ɗaga gira, kamar wanda ya kawo tsarabar zinari.

Ta sha ta farko, ta kwana da tashin zuciya, ta ce ko gajiya ce. Ta sha ta biyu bayan 'yan makonni. Daga nan abin ya zama ɗabi'a, wani watan sau biyu, wani watan fiye. Wani lokacin ma ƙwayar ba ta zuwa da wuri, don ko a nan halinsa bai bar shi ba. Zai ce da rana, da rana ya ce da yamma, sai ta tsare shi a ƙofa da safiyar kashegari sannan ya fita yana gunaguni.

Jiki magayi. Duk ranar da ta sha, warin man keken ɗinki da ta saba da shi tun tana budurwa sai ya dinga juya mata ciki. Kanta ya yi nauyi, allura ta rabu biyu a idonta. Nononta ya yi tsami har ba ta son yaran su hau ƙirjinta. Ga kasala, ga ciwon mara mai zuwa yana tafiya. Amma abin da ya fi ci mata rai shi ne jini. Ita da ta san kwanakinta kamar yadda ta san awon wuyan riga, sai ta wayi gari ba ta san komai ba. Ya zo da wuri, ya ɗauke, ya dawo ɗigo-ɗigo, wani watan ya yi jinkiri har hantarta ta kaɗa, sannan ya ɓalle. Ta rasa gane ranar tsarkinta da ranar da ba ta da shi. Wata rana tana tsakiyar ɗinkin fararen riguna ta miƙe za ta ɗauko almakashi, ta kusa da ita ta jawo ta da sauri ta ɗaura mata mayafi a ƙugu don rufe jinin da ya ɓata mata zane. Ta tafi gida a ƙafa ranar, don ba ta yarda ta zauna a kujerar bas ba.

Matan ɗakin ɗinki suka fara kallon juna in ta fita waje da hannu a baki. Surukarta, da ke zuwa duba jikoki, ta ga tana yamutsa fuska a kan tukunya, ta yi murmushi ta ce Allah ya raba lafiya, 'yan biyu za su yi ƙane. Maman 'yan biyu ta ce ba haka ba ne, Inna. Tsohuwar ta ce ai kunya ado ce.

Shi kuwa mai gayya mai aiki, duk lokacin da ta kai masa kuka yana da amsa a aljihu. Tashin zuciya, ya ce gyambon ciki ne, ta rage yaji. Ciwon kai, ya ce zazzaɓin sauro ne, ya kawo mata wani maganin. Jini, ya ce zaman keke ne ya yi mata yawa. Da ta ce ita dai ta lura duk abin nan bayan ƙwayar yake zuwa, ya kalle ta da tausayi irin na malami ga daƙiƙin ɗalibi.

"Ke matsalarki raki," in ji shi. "'Yar ƙwaya kamar ƙwayar gero, ita za ta yi miki duk wannan? Da tana da illa ai da ni na fara sani."

Ta dube shi yana zaune a kan tabarma ya miƙe ƙafa, yana sakace haƙori, mutumin da in kaifin ƙarfe ya ɗan yanke shi a yatsa sai ya rufe shago. A lokacin ta fara gane cewa abin da take ji game da shi ya wuce fushi. Fushi ana yi da wanda ake sa ran zai gyaru.

Ranar da abin ya kai maƙura, ta sha ƙwayar da safe kafin ta fita aiki. Ko bakin titi ba ta kai ba cikinta ya murɗa, ta durƙusa a gefen kwata ta amayar da duk abin da ke ciki. Ta juya ta nufi shagonsa, abin da ba ta saba yi ba. Ta same shi a benci ana muhawara, ta tsaya daga nesa har ya taso. Ta gaya masa, ta tambaya ko sai an sake sayen wata. Ya ce sam, magani kamar wutar lantarki yake, da zarar ya taɓa jiki ya kama. Ya faɗi haka da ƙarfin gwiwar da yake faɗin komai, ya koma wurin zamansa don kada a yanke hukunci ba da shi ba.

Watan nan jini bai zo ba. Ta jira, ta ƙara jira. Tana taka keke tana lissafi, ta kai hannu ta shafa tabon aikin da ke ƙasan cibiyarta, ta tuna fuskar likitar nan marar yawan magana. 'Yan biyu ko tafiya ba su gama iyawa ba. Da ta ga kwanaki sun wuce yadda suka saba wucewa, ta same shi bayan cin abinci ta faɗa masa.

Abin da ya biyo baya ta daɗe ba ta manta ba. Da farko ya ce ba zai yiwu ba. Sannan ya ce laifinta ne, wa ya ce ta yi amai. Sannan ya ce mai kemis ɗin ne ya sayar masa da jabu, gobe zai je ya ɗaga masa hankali. Sannan ya dafe ƙirji ya ce zuciyarsa na bugawa, ta kawo masa ruwa. Ta kawo. Ya kwanta ya juya wa ɗaki baya yana nishi, ita mai tabo a ciki tana tsaye a kansa da kofi. Da gari ya waye ya ce an kira shi wani babban aiki a wani gari, firjin wani otal ne, ba zai wuce kwana biyu ba, in ya dawo za su san abin yi. Ya zuba kaya a jaka. Ta lura bai ɗauki akwatin kayan aikinsa ba.

Ta kai yaran gidan yayarta. Yayar ta saurare ta har ƙarshe, ba ta ce ai na gaya miki ba, ko da yake an ga maganar ta zo mata har leɓe. Ta ce kawai ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ta tashi ta tafi asibiti yanzu.

Ɗakin tsarin iyali yana can ƙarshen wani dogon baranda, bayan wurin awon jarirai. Layin da aka ce ya yi tsawo bai fi benci biyu ba. Ta zauna a ƙarshe ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, tana roƙon Allah kada ta ga idon sani. Ba ta gama roƙon ba aka taɓa kafaɗarta. Matar Direba ce, doguwa mai fara'a, da katinta a hannu wanda ya tsufa har ya yi laushi kamar tsumma.

Maman 'yan biyu ta tambaye ta ko maigidanta ya san tana nan. Matar ta yi dariya har ta riƙe ciki.

"Shi ya kawo ni. Yana can bayan katanga ya ɓoye bas ɗin a ƙarƙashin bishiya, wai kada a gane lambarsa. Tun bayan yaronmu na uku nake allura, shi yake tuna mini ranar ma."

Maman 'yan biyu ta ce amma ai shi ne yake cewa allura na busar da mahaifa. Matar ta ce ta sani, a gida ma ta ji yana gwada muryar da zai faɗa a benci. Ta ce ta bar allurar da suka so na huɗu, ta ɗan jima kafin cikin ya zo, amma ya zo, ga yarinyar can tana makaranta. Ta ƙara da cewa mazan bencin nan in ka ji abin da suke faɗa a waje ka ga abin da suke yi a gida, sai ka rantse mutum biyu ne. Naki ne kawai, in ji ta, ya ɗauki zancen benci ya kai ɗaka.

Wannan maganar ta fi komai yi mata ciwo. Ashe ba ma mugun ra'ayi ne da shi ba. Ra'ayin aro ne, wanda mai shi ma ba ya sawa.

Nas ɗin da ta karɓe ta babbar mace ce mai tabarau. Ta fara da gwajin fitsari. Maman 'yan biyu ta zauna tana kallon bango, ba ta ji ba ta gani, har nas ta ce babu ciki. Sai a lokacin hawaye suka zubo mata ba tare da ta yi niyya ba. Nas ta bar ta ta gama, sannan ta tambaye ta me take sha, sau nawa, tun yaushe. Ta faɗa. Nas ta cire tabarau ta goge, ta mayar.

Ta yi mata bayani dalla-dalla. Ƙwayar gaggawa ba guba ba ce, ba ta zubar da ciki, ba ta hana haihuwa nan gaba. Aikinta ta jinkirta fitar ƙwai, shi ya sa take rikita kwanakin al'ada, ta sa jini ya zo da wuri ko ya makara. Tashin zuciya, ciwon kai, tsamin nono da kasala duk sanannu ne, suna wucewa, amma wanda ya mai da ita abincin kullum kullum zai dinga gamuwa da su. Gwargwadon saurin shanta gwargwadon amfaninta, kuma in aka yi amai jim kaɗan bayan an sha, sai an sake shan wata. Duk wannan, in ji nas, yana rubuce a takardar da ke cikin kwalin. Maman 'yan biyu ta ce ita ba ta taɓa ganin kwalin ba.

"Kin tsallake rijiya da baya, 'yar'uwa," nas ta ce. "Ƙwayar nan ba ta kai hanyoyin yau da kullum kariya ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, ku kuma kullum ranar tafiya kuke fafe naku."

Ta fito da wani faifai ta jera mata abubuwa a kai. Ga allura ta wata-wata, ga ɗan siririn abu kamar ashana da ake sawa a damtse ya yi shekaru, ga wanda ake sawa a mahaifa, ga ƙwayar kullum. Ba ta ɓoye mata komai ba, ta ce kowanne da nasa halin. Allura da na damtse suna iya rikita jini ko su ɗauke shi, na mahaifa wani yakan ƙara yawan jinin a farko, ƙwayar kullum kuma tana son mutum mai kiyaye lokaci, in ana mantuwa ba ta da amfani. Da Maman 'yan biyu ta tambaya ko gaskiya ne na damtse yana yawo har zuciya, nas ta tambaye ta wane likita ne ya faɗa. Ta ce direban bas ne. Nas ta ce to.

Maman 'yan biyu ta duba abubuwan da ke kan faifan. Ta gaji da jinin da ba ya sallama, tana son ta koma sanin kwanakinta. Mantuwa kuma ba halinta ba ce, a gidan nan ita ce agogo. Ta nuna ƙwayar kullum. Nas ta auna jininta, ta tambaye ta irin ciwon kan da take yi da ko tana da wata cuta, ta tambayi watannin yaran. Ta ce ba matsala, ta nuna mata yadda ake bi da abin da za ta yi in ta tsallake rana. Ta gargaɗe ta cewa watannin farko za ta iya jin ɗan tashin zuciya, in bai lafa ba ta dawo a sauya mata, ba aure aka ɗaura mata da ƙwayar ba.

Kwana biyun Sai-ta-ɓaci suka zama mako. Daga baya ta ji a gidan wani ɗan'uwansa ya yi zamansa, yana ci yana kwanciya, yana cewa likita ya ce ya huta. Ya dawo da yamma yana sanɗa, yana leƙen fuskarta don ya karanta labari. Ta bar shi ya ci abinci, sannan ta ce babu ciki. Nan take ya miƙe zaune, murya ta dawo. Ya ce ai ya faɗa, shi ya san maganin nan ba ya ƙarya, ita ce mai tayar da hankalin mutane a banza.

Ta ɗauko fakitin ƙwayar ta ajiye a gabansa, da kwalinsa da takardarsa. Ta ce daga asibiti ta karɓo, ta riga ta fara, kuma daga yau kada ya sake kawo mata wani abu a ƙunshin jarida.

Ya fara borin kunya. Da izinin wa ta je, wa ya gan ta, me mutane za su ce, shi za a mayar abin dariya a gari. Ta bar shi ya zazzage duka.

"Baban yara," ta ce, "matar amininka tana gaishe ka. Benci ɗaya muka zauna. Ta ce in ka ga mijinta ka tambaye shi inuwar bishiyar bayan asibiti."

Tun da ta san shi, ranar ce ta fara ganin magana ta ƙare masa. Ya ɗauki kwalin ya juya shi, ya ajiye, ya ce shi dama ba ya hana abin da zai kawo lafiya, tsari kawai yake so a bi.

Ta yi 'yan makonni tana jin zuciyarta na tashi da safe, ta mayar da shan ƙwayar bayan abincin yamma, abin ya lafa. Jininta ya koma kan hanya. Ta daina fita waje a tsakiyar aiki, matan ɗakin ɗinki suka sami wata suka sa wa ido. Surukarta ta jira cikin da ta yi wa addu'a har ta gaji, wata rana ta tambayi ɗanta, ya ce mata shi ne ya yanke shawarar a huta.

Haka ya faɗa a benci ma. Ba a yi wata biyu ba ya zama malamin tazarar haihuwa na bakin titi, yana yi wa masu sabon aure nasiha, yana cewa shi tun ranar da aka yi wa iyalinsa aiki ya ɗauke ta da kansa ya kai ta wurin masana. Direba yana gefe yana kallon titi. Ba wanda ya tona wani, kowa ya san inda ɗan'uwansa ya binne tasa.

Bayan wani lokaci asibitin ya kira taron maza, aka ce kowace mace ta zo da mijinta. Maman 'yan biyu ta faɗa masa ne don kada a ce ba ta faɗa ba, ba ta zaci zai je ba. Sai ga shi ya sha guga, ya fesa turare, ya riga ta fita. Ya zauna a layin gaba. Nas mai tabarau ba ta gama gabatarwa ba ya ɗaga hannu, ya miƙe, ya juya ya fuskanci jama'a. Ya yi magana a kan jahilcin wasu maza, ya yi a kan tausayin mata, ya ce mace amana ce, wanda bai san halin da matarsa ke ciki ba bai cika namiji ba. Wasu suka tafa. Nas ta gode masa, ta ce tun da Allah ya kawo mai kula irinsa, ya gaya wa 'yan'uwansa wace hanya iyalinsa take bi, su ƙaru.

Ya yi murmushi, ya gyara wuyan riga, ya waiga yana neman matarsa a cikin mata. Ta sunkuyar da kai tana cire wani zare da ya maƙale a bakin mayafinta. Kwalin nan kullum yana kan tagar ɗakinsu, kusa da madubin da yake taje gemu.

"Allura," in ji shi. "Ta damtse."

Wata mata a baya ta tuntsire da dariya, ta mayar da ita tari. Nas ta ce Allah ya ƙara sani, ta ci gaba da bayaninta. Shi kuwa ya zauna yana gyaɗa wa na kusa da shi kai.

A hanyar komawa yana gaba tana biye, har suka kai wurin jiran bas. Ya tsaya yana kallon motoci, can ya matso ya rage murya ya tambaye ta wai wanne ne ma take yi. Ta ce ƙwaya ce, ta kullum.

"Ai abin da na ce ke nan," in ji shi.

Bas ta tsaya. Ta shiga ta sami wuri kusa da taga, ta bar shi a ƙofa yana yi wa kwandasta bayanin dalilin da ya sa injin motar yake hayaƙi.